Hantsakin Baba

Yaya Mamman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina zafin Damagaram? Yaya ƙafar Inna, yaya Hadiza da yara? Ni lafiyata lau, sai dai har yanzu jikina a sanyaye yake.

Ka tuna ɗan dutsen da muka haɗa a labo, wato ɗakin gwajinmu, nan Paris, wanda ƙananan maganaɗisun cikinsa ba sa natsuwa wuri guda? Mun kai shi Lyon, muka sanyaya shi iyakar sanyi, don mu ga ko za su ci gaba da motsi. Na'ura ta nuna alamar abin da muke nema, har shugabarmu ta fara rubuta sakamako. Da aka sake dubawa, ashe ƙurar baƙin ƙarfe ce a jikin dutsen! Yaya, daga hantsakin da Baba ya ƙera mini ranar tahowata ta fito, don da shi nake ɗaukar dutsen. Wallahi na kasa rufe baki. Aikin shekara guda ya koma farko.

Ku sa ni a addu'a, ka gaida kowa. In Baba ya tambayi hantsakinsa, ka ce kullum yana aljihuna. Iyakar nan ka tsaya.

Ƙanenka,
Sani