Randar Baba a Bakin Tekun Jidda

Jarwal, Makka
3 ga Shawwal, 1369

Ƙanena Wada,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da Asiya da yara. Bayan haka, wani alhaji Badamagare ya sauka gidana. Na tambaye shi ko ya sha ruwan randar Baba da ya iso Jidda, ya ce ko rumfar da take ciki bai gani ba. Wasiyya ɗaya tsohon nan ya bar mana: kada baƙon Allah ya tako gaɓa ya rasa ruwan sha. Na ɗan taɓa karatu, amma ban ci karo da babin da ya halatta wa ɗa kashe sadakar ubansa ba. Wassalam.

Yayanka,
Mukhtaru

Yaya,

Wa alaikumus salam. Randa tana inda Baba ya girke ta, kullum a cike. Tekun ne ya gusa. An cike gaɓar da duwatsun ganuwar gari, an miƙa gada har inda jirage ke tsayawa. Kwalekwale ya daina sauke kowa a wurinmu. Daga gada sai mota. Awaki ke shan ruwan. Allah ya bar girma.

Wada

Wada,

Gaisuwa. Madalla, ladan Baba ya koma hannun awaki. Sai dai Rabe direba ya faɗa mini jakunan wa suka yi jigilar duwatsun. Kai ka kori teku daga ƙofar ubanka, sannan ka rubuto kamar shi ya yi hijira don kansa. Ka ji kunya, ya akhuya, ɗan'uwana. Wassalam.

Mukhtaru

Yaya,

Na gaishe ka. Jakunana ne, yara ba sa cin wasiyya. Askarawan gada sun hana a ajiye randa a can. Tun Rajab, duk ranar da jirgi ya zo, salka nake saɓawa in taka har ƙarshen gada. Ranar da alhajinka ya sauka ina kwance, bayana ya riƙe. Shekara goma sha tara kana aiko fatawa daga inuwar Harami, ko moɗa ɗaya ba ka taɓa miƙa wa baƙo ba. Wallahi kada ka ƙara rubuto mini. Ka huta lafiya.

Wada

Wada,

Salam. Na karanta, ban kuma huce ba. Maganar duwatsu tana nan. Ina tafe ranar Alhamis. Ka nemo salka ta biyu, ƙarama. Kafaɗar tawa ta malami ce.

Mukhtaru