Kalmar da Hadiza Ta Kawo Daga Makaranta

Assalamu alaikum Baban Hadiza. Gaisuwa da fatan kana cikin rahama inda kake kwance.

Ɗiyarka ta shiga aji huɗu nan Nassarawa. Jiya ta dawo da kalmar Turanci, wai sitom. Malama ta ce musu ma'anarta iska mai ƙarfi da ruwa da tsawa, kowa ya je ya sa ta cikin jimla. Tana ta maimaitawa tana dariya, ni kuwa ludayi ya suɓuce min cikin miya.

Iska da ruwa da tsawa, shi ke nan wai. Malama ba ta san yadda gulbin Argungu ke yin baƙi kamar bayan tukunya ba.

Ran da ka tafi, hadari ya haɗo ta gabas, mata na ta kwashe shanyar shinkafa. Kowa na gudu gida, kai kana fita. Ku masunta haka kuke, wai lokacin ne kifi ke tasowa. Ka saɓi gora da homa, ragar kamun kifinka, ka ce min in aza ruwan miya.

Na bi ka har bakin ruwa, Hadiza na goye. Na hango kanka can tsakiya bisa gora. Na yi ta kiran Baban Hadiza, iska na mayar min da shi cikin baki. Sai ruwa ya rufe komai.

Goran kaɗai 'yan'uwanka sunka tsinta wajen garin Gulma. Har yau in iska ta bugi ƙyaure sai na tashi na buɗe. Na san ba kai ba ne, amma ina buɗewa.

Ita yarinyar abin da ta sani kawai babanta ya rasu tana goye. Ban taɓa iya faɗa mata sauran ba. Jiya ta tsare ni, Inna kin taɓa ganin sitom na gaske? Na zaunar da ita na faɗa mata duka, har da miyar.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki fensir ta rubuta, ta fassara min da Hausa. Wai sitom ya tafi da babana, Inna na jira.

Allah Ya haskaka makwancinka, ko ina ruwa ya aje ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu.

Taka har gobe,
Innar Hadiza