Mafitsarar Kifi

Yamai

Ƙanena Sha'ibu,

Gaisuwa mai yawa. Ina Goggo Dela da ciwon ƙafa?

Na ji ka ce ganyayen Alƙur'anin da Baba ya rubuta da hannunsa suna ta tsagewa. Kada ka liƙe su da ƙaro ko tef ɗin sikoci, ɓata takarda suke. Na ba direban motar Maraɗi gwangwanin danƙon da muke gyaran tsofaffin littattafai da shi a wurin aikinmu. Faransawa na ce masa kol ta kifi. Ka jiƙa, ka ɗumama, ka shafa kaɗan.

Yayarka, Rahinatu

*

Dakoro

Yaya,

Muna lafiya, saƙo ya iso, ya kuma jawo mini magana. Goggo ta ce in karanta mata abin da ke jikin gwangwanin. Na ga "vessie", na tuna darasin Faransancinmu na lakwal, makarantar boko, na ce mata mafitsara. Wallahi kamar na taka mata ƙafar nan mai ciwo! Ta ce, "Hitsarin kihi bisa rubutun ɗan'uwana? Ba da raina ba."

Ta ƙwace gafakar da Alƙur'anin ke ciki ta kulle a ɗakinta. Ta ce tunda littafin ya tsufa, gara ta binne shi da mutuncinsa kafin mu ƙazantar da shi. Har ta fara zancen wuri a bayan garka. Kin san Goggo ba ta wasa.

Naki, Sha'ibu

*

Yamai

Sha'ibu,

Gaisuwa. Kai dai da Faransancinka rabi da rabi! Ka karanta kalmar farko ka bar ta biyu. Jakar iska ce da ke cikin kifi, ita ke hana shi nutsewa. Faransawa kalma guda suke da ita, mafitsara da wannan jakar duk "vessie" ne. Masu ilminsu kuma suna ce wa danƙon iktiyokol, daga yaren Girka, kifi da danƙo ke nan, ba fitsari ciki. Amma ban ga laifinku ba, ku da ba ku san kifi ba sai busasshe.

Kada ka tsaya yi mata wannan bayani, ba za ta saurara ba. Ka shiga Maraɗi, ka samo ɗanyen kifi wanda ba a fiɗe ba, ka miƙa mata wuƙa.

Raina ya ɓaci, Sha'ibu. Wannan rubutun kaɗai ya rage mana na hannun Baba. Ka yi sauri don Allah.

Rahinatu

*

Dakoro

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na kawo kifin cikin ƙanƙara. Goggo ta fiɗe da kanta tana toshe hanci, ta ciro wata farar aba, ta soka mata allura. Fus! Ta shinshina, ta sake shinshinawa, ta ce, "Ashe iska ce. Wanda ya raɗa mata suna bai taɓa hiɗe kihi ba."

Ta fito da gafakar, amma ta ce ba ni zan taɓa ba, ke za ki zo ki gyara, da alwalarki.

Na duba ciki, babu ganyen Fatiha da na ƙarshe, wanda Baba ya sa sunansa. Su suka fi lalacewa, ta riga ta binne su ranar da na tafi Maraɗi. Ta ƙi faɗin wurin.

Allah ya kawo ki lafiya.

Sha'ibu