Macen Ɓeran da Na Mayar Wurin Mijinta

Lafiya, 9 ga Yuli, 1956

Zuwa ga Yaya Fanna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da mutanen Doma. Mu ma lafiya, sai abin da na kasa faɗa wa Inna.

Kin san likitan da ya zo daga Ikko da fararen ɓeraye, wanda Baba ke kular masa da su a bayan asibiti. Keji biyu ne: na lafiyayyu, da na waɗanda aka yi wa allurar ciwo a ka, aka shafa musu shuni a wutsiya. In na kai wa Baba abincin rana nakan tsaya kallo. Akwai wasu biyu, kullum manne da juna. Da aka yi wa macen allura aka raba su, namijin ya ƙi taɓa dawa. Yaya, kin san ni da littattafan soyayyar da Malama Ursula ke ara mana a makaranta. Na jira sati uku, na ga macen garau, har tsalle take. Baba na salla na goge shunin da bakin zanena, na mayar da ita wurin mijinta.

Ashe ciwon ba ya tafiya. Laɓewa yake a ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya wata da watanni, ɓeran na yawo kamar ƙalau yana shafa wa sauran. Yanzu bakwai cikin lafiyayyun na jan ƙafafun baya. Likita ya ce sakacin Baba ne, Jumma'a zai sallame shi. Baba bai tambaye ni komai ba, amma ya daina haɗa ido da ni.

Ki yi mini addu'a.

Ƙanwarki,
Asama'u

Lafiya, 14 ga Yuli, 1956

Yaya Fanna,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku. Na je wurin likita ran Alhamis, na faɗa masa ni ce na yi. Turancin makaranta duk ya gudu, sai Iorkyaa malamin allura ya yi mini tafinta, ina kallon yatsun ƙafata. Likita bai yi faɗa ba. Zama ya yi ya dafe kai, aikin wata shida ya tashi a banza. Duka ɓerayen aka kashe aka ƙone.

Ba a kori Baba ba, amma an karɓe makullin ɗakin ɓerayen an ba Iorkyaa. Aikin shara aka mayar da Baba, da furfurarsa. Ni ya kamata in durƙusa, Yaya, amma ina tsaye kamar turmi, Baba ne ya cire hula ya durƙusa yana wa likita godiya.

Ki gaida kowa.

Taki,
Asama'u