Kada Ku Bari a Karɓi Mabuɗin Mama

Tobin da Josie, ƙannena,

Ku gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuta wannan. Wasiyya ta iyaye ce, ni kuwa ko sakandare ban gama ba. Amma ni na raine ku a shekarun da giya ta hana Mama tashi, don haka ku bar ni in ɗauke ku 'ya'yana na yau kaɗai. Ni, Renata Holowaty, da cikakken hankalina nake rubutu, ba magani ne ke magana ba. Ranar Litinin za a yi min aikin zuciya a Saskatoon, likita kuma bai ɓoye min ba cewa akan kwanta ba a tashi ba.

Na ɗaya. Josie, takalman wasan ƙanƙarana naki ne, da gefen gadon da ke jikin taga. Tobin, motar taka ce in ka sami lasisi da bazara. Kada ka yi murna, aiki na gadar maka.

Na biyu. Kada ku wahalar da kanku neman taron masu barin giya mafi kusa, na riga na nema. Garinmu ba shi da ko ɗaya, in ma akwai, titi ɗaya gare mu, kowa ya san motar kowa. Wani wurin da na gani a waya muka tarar da shi a garƙame, ciyawa ta cinye matakala. Wani tsofaffin maza ne zalla, Mama ta kasa buɗe baki. Taron da ake yi ta waya kuwa, da iska ta taso layin gidanmu ya yanke, ya bar ta ita da kwalba. Na ɗakin ƙasa a cocin garin Kelmar ne kaɗai ya karɓe ta, kowace Laraba da yamma. Shi ke nan gare mu, hanyar zuwa kuma ɗaya ce.

Na uku, kuma dominsa na rubuta sauran. Al'adar mutanen taron ce in sabon mutum ya ɗan zauna da ƙafarsa, su damƙa masa mabuɗin ɗakin da tukunyar kofi. Delphine, dattijuwar cikinsu, ita ta ba Mama. Mama ta yi ta mita wai sun mai da ita 'yar aiki. Delphine ta ce mata, “Kofinki kamar ruwan wanke-wanke, 'yar'uwa, amma shi muka saba sha.”

Kun ga Larabar da take kwanciya ta juya wa duniya baya, ta ce ba inda za ta. Can sai ta tuna akwai mutane tsaye a bakin ƙofar ɗakin taron cikin sanyi, suna jiran mabuɗi. Ta zage su ɗaya bayan ɗaya, tana zagi tana sa takalma. Kunyarsu ce ke kai ta a ranar da ƙarfin zuciya ya ƙare.

In ban dawo ba, maƙwabta za su cika gida da tukwanen abinci, mutanen taron kuma za su tausaya, su ce ta huta, ta kawo mabuɗin su riƙe mata. Da kyakkyawar niyya za su faɗa. Ku hana. Ku gaya wa Delphine ni na roƙa, ranar da za ku mayar mata da tukunyar miyarta da ke wurinmu.

Na huɗu. Kawu Wendell. Tun ranar da ya kira 'yan sanda saboda Mama ta tuƙa mota a buge da Josie a baya, aka ƙwace lasisinta, ba ta sake yi masa magana ba. Tana kiransa Ɗan Rahoto, shi yana kiranta Gimbiya. Tun lokacin ni ke kai ta Kelmar, daga nan kuwa zuwa bazara da Tobin zai sami lasisi, babu mai kai ta sai shi. Josie, ke za ki je ki roƙe shi, bai iya ce miki a'a ba. Ba sai sun gaisa ba. Su zauna a mota ɗaya, kowa ya kalli tagarsa, ya wadatar.

Na biyar. In kun haɗu da wani na taron a kanti, ku wuce kamar ba ku taɓa ganinsa ba, haka suke so. Kuma kada ku bi Mama kuna shinshina kofinta. Ba ya hana komai, sai dai ya hana ku barci.

Na san igiyar da ta ɗaure ni ce nake miƙa muku. Na so in je makaranta a garin da Laraba rana ce kamar kowace. Na duba ko akwai wata mafita da zan nuna muku, ban gani ba. Ku yafe min.

In binne ni ya faɗo ranar Laraba, ku roƙi fasto ya yi da safe, don a kai Mama ta buɗe ƙofa da yamma.

Allah ya yi muku albarka, ya raya ku. Ku ci abinci a tebur ɗaya, har da Kawu. Kada ku rabu.

In kuwa Allah ya sa na farka, ku yarje min in sake rubuto muku, babu “na ɗaya” babu “na biyu”, in tambaye ku kawai wa ya buɗe ƙofa.

Yayarku,
Renata