Bindigar Iska a Hannun Rauda

Tudun Wada, Zariya.

Zuwa ga Yayana Khubaib,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Firdausi da yara. Allah Ya ƙara maka juriya a kan karatun nan, Ya sa ka gama lafiya ka dawo mana. Maƙwabcinmu Alhaji Suhaibu ne zai taso Malesiya wajen ɗansa, shi ya sa na cusa takardar a cikin ƙullin kuka da daddawa da yajin da Inna ta daka maka. Na san za ka ce ga waya, amma labarin da nake tafe da shi ya fi ƙarfin saƙon murya, kuma Baba ya hana kowa ya tsegunta maka sai an ga ƙarshensa.

Mutanen gida duk lafiya lau. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har islamiyya take zuwa da ƙafa. Damina ta yi albarka, masarar Baba har ta fara bushewa. Maigidana Kailani yana nan yana fama da aiki, ɗanmu Ashraf kuwa ya fara tafiya, ba abin da yake bari a kan tebur.

Maganar ta autarmu Rauda ce. Ka san a Kaduna take bautar ƙasa. To, wata ƙawarta ce ta ja ta rakiya zuwa wani zauren wasanni inda ake koyon harbi na gasa. Mai horar da su wani tsohon soja ne, Malam Nagoda, mutum mai barkwanci. Ya ga tana zaune a gefe shiru, ya ce ta zo ta gwada. Bindigar irin ta iska ce, ba ta da albarushi, harsashinta ɗan ƙaramin dalma ne bai kai ƙwayar wake ba, kuma takarda ake harbi daga nisan mita goma. Rauda ta ce da ta kwantar da kumatunta a jikin bindigar ta riƙe numfashi, sai ta ji duk hayaniyar duniya ta ɗauke mata. Da Malam Nagoda ya duba takardar, sai ya tambaye ta a ina ta koya. Ta rantse masa ko danƙo ba ta taɓa harbawa ba. Tun daga ranar ya ce lallai ta riƙa zuwa, bayan ɗan lokaci kuma ya ce yana so ya sa sunanta cikin waɗanda za su wakilci jiha.

Ni ta fara gaya wa, Yaya. Na ce mata ba ni da ta cewa, ta je ta sami Baba. Ta zo hutun ƙarshen mako, ta same shi a zaure bayan ɗalibansa sun tashi, ta durƙusa ta yi masa bayani. Ina daga bakin ƙofa ina kallon fuskarsa tana canzawa. Ya ce muddin yana numfashi, babu ɗan da ya haifa da zai riƙe bindiga, ta iska ce ko ta wuta. Ya tambaye ta ko ta manta ranar da aka shigo da gawar ƙaninsa Baffa Muntaka, bayan 'yan bindiga sun tare shi a hanyar gona. Rauda ba ta yi musu ba, ta ce to Baba, Allah Ya huci zuciyarka. Ta koma Kaduna ta gaya wa Malam Nagoda ya cire sunanta. Ba ta yi fushi ba, ba ta daina gaishe da kowa ba, amma duk wanda ya san ta ya san wani abu ya mutu mata a rai. In na kira ta, maganarta ba ta wuce lafiya lau.

Mu duka mun haɗa baki kada maganar ta kai kunnen Gwaggo Juwairiyya, matar marigayi Baffa, don kada a fama mata ciwo. Sai dai ka san Inna da Gwaggo, ba sa iya ɓoye wa juna komai. Suna tsintar shinkafa Inna ta saki zancen. Gwaggo ta ƙarasa tsintarta, ta wanke hannu, ta yafa mayafi ta nufi zaure. Ni ban taɓa ganin ta shiga wajen Baba ba sai an aika kiranta. Ta gaishe shi, sannan ta ce, Malam, ni na wanke rigar da aka kawo ɗan'uwanka a cikinta, babu wanda zai gaya mini abin da bindiga take yi. Amma ba yarinya mai harbin takarda ce ta kashe mini miji ba. In za ka hana ta, kai ne uba, ka hana ta, sai dai kada ka jingina hanin da sunansa, don shi da ransa da shi zai fara kai ta. Ta tuna masa yadda Baffa yake fita farautar zabi da bindigar toka yana saurayi, shi Baba yana cin naman yana yi masa faɗa. Ta ƙare da roƙon ya je ya gani da idonsa kafin ya yanke hukunci. Da ta fita Baba ya kira ni, ya ce in tambayi Kailani yaushe motarsa take da sarari.

Ranar Asabar muka kama hanyar Kaduna, Baba a gaba da carbinsa, ni a baya. Wurin ba yadda na zata ba ne ko kaɗan. Zaure ne dogo, tsaf, shiru kamar ɗakin jarrabawa, samari da 'yan mata sun jeru kowa ya fuskanci takardarsa, ba ka jin komai sai ɗan tas, tas. Malam Nagoda ya tarbi Baba da girmamawa, Baba kuwa ya titsiye shi da tambayoyi kamar alƙali: wa ya ba su izini, ina ake ajiye bindigogin, wa yake riƙe da makulli, an taɓa ji wa wani ciwo? Ya amsa duka, ya nuna masa akwatin ƙarfen da ake kulle su, ya ce ko ƙwayar harsashi ɗaya ba ta fita daga ginin. Muna tsaye wani saurayi ya juyo zai yi wa abokinsa magana, bakin bindigarsa ya ɗan karkato. Babu komai a cikinta, amma nan take Malam Nagoda ya daina dariya, ya karɓe ta, ya ce ya je gida sai wani makon. Ya juyo ya ce wa Baba, a nan ko bindigar da ba ta da harsashi ba a nuna ɗan Adam da ita. Na ga Baba ya gyaɗa kai a hankali.

Sai ga abin da ban taɓa tsammani ba. Malam Nagoda ya ce, Allah gafarta Malam, ko za a taɓa? Ni har na buɗe baki zan ba da haƙuri, sai na ga Baba yana tuɓe babbar riga yana miƙa wa Kailani. Yaya, da ka ga Babanmu, hula ta karkace, gemu a kan bindiga, ido ɗaya a rufe, yana ta bismillah! Ya daɗe yana saiti, sannan ya danna kunamar. Malam Nagoda ya je ya ɗauko takardar, ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama ya ce, alhamdu lillahi, takarda tana nan lafiya, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Baba ya yi dariya har da tari, har sai da aka kawo masa ruwa. Tun rasuwar Baffa ban ji irin wannan dariyar a bakinsa ba.

Bayan nan ya ce a kira Rauda, wadda take rakuɓe a bayan ƙofa. Ta sa wata riga mai tauri da suke sawa a kan hijabinta, ta tsaya cak kamar an dasa ta. Harbi biyar ta yi. Da aka kawo takardar, rami ɗaya ne a tsakiya, ɗan faɗinsa kaɗan. Baba ya ce ina sauran huɗun? Malam Nagoda ya ce duk ta nan suka bi. Baba ya kalli takardar, ya kalli Rauda, ya ce mu kama hanya. Haka muka taho har muka iso Kwangila a Zariya. Muna hawa hanyar gida ya ce in kira Rauda a waya in gaya mata ya amince, amma bindiga ba za ta taka ƙofar gidansa ba, kuma duk inda za a je gasa sai da wani nata a tare da ita. Da na gaya mata sai na ji ta fashe da kukan murna.

Gasar a Abuja aka yi, wata biyu bayan haka. Da aka zo maganar ɗan rakiya, Baba ya ce shi ne zai je, Gwaggo ta ce ƙafarsa ƙafarta, ni ma na bi su. Na ji tsoron tafiyarta, kuma tsoron nawa bai tashi a banza ba, don harbin farko da aka yi a zauren sai da ta zabura, ta damƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Na ce ko mu fita? Ta girgiza kai, ta ce ta zo kallon 'yarta ne. A hankali na ji hannunta yana saki.

Rauda ta tsallake zagayen farko ta shiga cikin takwas na ƙarshe. A nan ne abin yake da tsinka zuciya, don duk bayan 'yan harbe-harbe sai a cire wadda take ƙasa, kuma maki yana fitowa a babban allo kowa yana gani. Tun da wuri ta yi wani mummunan harbi, sunanta ya gangaro na bakwai. Na ga ta sauke bindigar, ta rufe ido, leɓenta yana motsi. Baba ya matso gaba a kujerarsa, carbi ya tsaya a hannunsa. Daga nan fa ta fara hawa. Aka cire wata, aka cire wata, ita tana nan. Da suka rage su uku, Gwaggo ta manta inda take, ta ce da ƙarfi, Rauda, ki nutsu, muna nan! Mutane suka juyo suna dariya, ita ko a jikinta. A ƙarshe suka rage ita da wata yarinya 'yar Legas wadda ta shekara da shekaru tana harbi. Yarinyar ta fi ta da ɗan ƙiris, ta ɗauki zinare, Rauda ta ɗauki azurfa. Suna ajiye bindigogi yarinyar ta rungume ta, ta ce ba ta taɓa shan wuya a hannun sabuwar shiga irin ta ranar ba.

Da aka rataya mata lambar, ta sauko ta durƙusa gaban Baba. Ya dafa kanta ya sa mata albarka, idonsa ya ciko. Sai ta cire lambar ta rataya wa Gwaggo a wuya. Gwaggo ta riƙe ta tana juyawa, hawaye na zuba, tana dariya, ta ce yau ce rana ta farko da ta ji ƙarar bindiga kuma alheri ya biyo baya. Ni dai ban san lokacin da na jiƙa mayafina ba.

Da muka dawo Tudun Wada gida ya cika. Inna ta yi waina da miyar taushe, mata sun zo daga Tudun Jukun da Hanwa, guɗa har titi. Ba a rasa masu taɓe baki ba, wai 'yar malam da bindiga, amma Baba da kansa yake ba su amsa a zaure, yana kwatanta musu yadda ake riƙe numfashi kafin a danna kunama, sai ka rantse shi ya ciyo lambar. An kuma kira Rauda sansanin horo na ƙasa bayan ta gama bautar ƙasa. Ka sa ta a addu'a, Allah Ya tsare ta, Ya sa abin ya zame mata alheri. Ka kira ta ka yi mata barka, don tana ta zullumin abin da za ka ce.

Baba ya ce lallai in rubuta maka wannan, kada in rage komai: ya sake komawa wajen Malam Nagoda, wai rakiya, kuma a zuwansa na baya-bayan nan ya huda takarda. A can gefe ne, kusa da baki, amma ya ce huda huda ce. Ya ce in ka zo hutu ka shirya, zai kai ka ku gwada, ya ga ko karatun Malesiya yana gyara saiti.

Ka gaishe mini da Anti Firdausi da kyau, ka shafa mini kan Khalifa da Bahijja. Inna tana gaishe ku, ta ce a yi hankali da yajin, ta cika masa barkono. Gwaggo Juwairiyya tana gaisuwa, Kailani da yaranmu Jannat da Ashraf ma haka. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Saudatu.