Tukunyar Kaka da Jegon Yoke Peng

Zuwa ga Yayana Kam Wing,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, kuma sanyin Vancouver bai tayar maka da ciwon bayan nan ba. Da safen nan na kunna turare a gaban hoton Mama, na ambaci sunayenku ɗaya bayan ɗaya. Allah ya ƙara lafiya, ya raya yara. Mu nan Ipoh muna nan kalau, in ka cire gwiwata da ta fara yi mini gardama. Shagonmu na gashin agwagwa kuwa yana nan yadda ka bar shi. Kafin rana ta take agwagi sun ƙare daga ƙugiya. Ah Sum, mai gashinmu, har yanzu da baki yake hura iska a ƙarƙashin fatar agwagwa, wai famfo aikin ragwaye ne. Tsoho Chow mai gyaran agogo kullum yana teburinsa na bakin ƙofa, yana mita wai fatar ba ta ƙamas-ƙamas kamar ta zamanin Kaka, amma ko ƙashi ba ya bari a faranti.

Yaya, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ƴata Yoke Peng cikinta ya tsufa, wata mai zuwa ake sa ran haihuwa, can ƙetare a Perth. Haihuwar fari ce, surukarta ta rasu, mijin kuwa ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Ka san yadda Mama ta yi mini: wata guda ta tsare ni a ɗaki, ta cika ni da romon kaza da citta, ta hana ni wanke kai, ta hana iska taɓa ni. Haka nake so in yi wa ƴata. Ta buga waya ta ce in ba zan samu zuwa ba babu komai, za ta ɗauki mai zaman jego ta haya. Ta faɗa tana dariya, amma ni na haife ta, na san wannan dariyar. Da na ajiye wayar kuka na yi, ba na ɓoye maka.

Ka san abin da ya ɗaure ni. Tukunyar romon Kaka, mahaifin Baba, romon da muke ɗura wa agwagi a ciki kafin su shiga tanderu. Tun kafin a haife mu ba a taɓa juye ta ba, ƙari kawai ake yi, kuma in ta wuni ba a tafasa ta ba ta lalace ke nan har abada. Ah Sum ya iya, ya ma fi ni. To amma Baba? Ya mance sunan unguwar nan, ya mance ko ya ci abinci, amma bai mance cewa bare ba ya taɓa tukunyar ba. Ran nan na je asibiti saboda gwiwa, ya ga ludayi a hannun Ah Sum. Wayyo, ka ga tashin hankali! Ya kira shi ɓarawo a gaban masu cin abinci, mutumin da ya yi furfura a hayaƙinmu. Daga nan ya rufe baki, ko shinkafa ya ƙi, sai da muka kai ga ƙarin ruwa. Na kawo shawarar mu sa romon a firiza na ɗan lokaci, ya ce shi ba za a sa ubansa a ƙanƙara ba. Likita ya ce in ya sake irin wannan yajin, jikinsa ba zai ɗauka ba.

Ni dai yana barina in juya ta, na ɗauka ya san ni ne. Shekaranjiya ina tsaye ina cire kitse a kanta, ya jawo kujerarsa kusa, ya daɗe yana kallona. Sai ya kira ni baiwar Allah. Ya ce kullum yana ganina a nan, hannuna irin na matarsa, amma ni ba ni da gida ne, ba ni da ƴaƴa? Ya ce in yi haƙuri in ɗan ƙara riƙewa, ɗansa Kam Wing yana hanya, tukunyar tasa ce, da ya iso za a sallame ni in koma wajen iyalina. Na ce masa to, na gode. Me zan ce?

Ban taɓa ganin laifinka da ka tafi ba, Yaya. To, na gani, amma na haɗiye. Ba cewa nake ka dawo ba. Wata ɗaya tak nake roƙo. Ba sai ka iya komai ba, Ah Sum zai tsaya a bayanka yana raɗa maka, kai dai ka riƙe ludayi Baba ya gani. In ba ka zo ba, ba inda za ni, jikana zai zo duniya ina tsaye a bakin murhu.

Ka gaishe mini da matarka Lai Kuen, da yaranka Chee Hong da ƙaramar Suet Yee. Gwaggo Sau Lan tana gaishe ka, ta ce ko ka yi ƙiba za ta gane ka. Baba kuwa kowace safiya sai ya sa an goge kujera ɗaya an ajiye maka kusa da tukunya, kuma ni ce mai gogewa.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Siew Fun